Ƙarfen da Ke Jinin Emmett Shea

Darlene Shea ta daɗe da yanke hukunci cewa akwai wata cuta da ke ɓoye a jikinta, likitoci ne kawai ba su da haƙurin tono ta. Shekararta hamsin da takwas, ita ce shugabar masu girki a wata makarantar firamare a garin Butte, kuma tun da take ba ta taɓa kwana a asibiti ba in ba haihuwa ba. Duk da haka, in ta tashi da ciwon kai sai ta ce hawan jini ne, in ƙafarta ta yi sanyi ta ce sukari ya kama ta. Sau ɗaya a shekara takan je wurin likita da takarda cike da tambayoyi. Shi kuwa ya saurari ƙirjinta, ya danna cikinta, ya ce, “Darlene, ke za ki binne mu duka.” Haka za ta fito tana ƙunƙuni har bakin mota.

Patsy, abokiyar aikinta, ita ta nuna mata abin a waya wata rana suna feraye dankali. Wani kamfani ne, ka biya kuɗin shekara ka zama mamba, sau biyu a shekara a ɗebi jininka a auna abu fiye da ɗari, ba sai likita ya rubuta maka takarda ba. Sakamakon ya same ka a wayarka, kowane abu da launinsa: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a sa ido, ja kuwa a tashi tsaye. Darlene ta goge hannu a rigar aikinta, ta karɓi wayar, ta yi ta ja da yatsa har dankalin gabanta ya fara baƙi.

Ba ta kwana ba sai da ta yi rajista. Da yake kuma mijinta Emmett zai cika shekara sittin a makon, ta haɗa da shi, ta buga takardar ta sa a ambulan ta ajiye kusa da farantinsa.

Emmett mai walda ne, ƙaton mutum mai ƙarancin magana, wanda hannayensa duk tabon wuta ne. Ya buɗe ambulan ɗin, ya karanta, ya juya bayan takardar ko akwai wani abu.

“Mene ne wannan?”

“Kyautarka ce.”

“Na ce miki sandar kamun kifi nake so, sai ki sayo mini allura?”

“Kifin me? Kai da kake barci da cokali a hannu? Ka je bakin rafi kifi ya zo ya same ka kana minshari.”

Bai musa ba, don gaskiya ta faɗa. Shekara biyu ke nan Emmett yana fama da wata gajiya marar dalili. Da ya dawo daga aiki ya ci abinci, sai kujera, kafin a gama labaran yamma ya tafi. Gaɓoɓin yatsunsa biyu na farko sun kumbura, har ya daina ba mutane hannu a coci, sai dai ya ɗaga musu kai. Shi dai tsufa yake kiran abin. Darlene kuwa tuni ta gano cutar da kanta: ƙarancin jini. Wata takwas ke nan tana saka masa ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a akwatin abincinsa kullum, ga hanta da albasa duk ranar Alhamis a kaskon ƙarfen da ta gada wurin uwarta, ga ruwan lemo a kai, don ta karanta cewa lemo na taimaka wa ƙwayar ta shiga jiki.

Ranar gwajin suka fita da sassafe ba su karya ba, kamar yadda aka umarta. Wurin ɗiban jinin wani ɗan ofis ne tsakanin shagon aski da mai sayar da tayoyi. Darlene ta fara shiga. Ta naɗe hannun riga, ta zuba wa allurar ido har ta shiga, tana ƙirga 'yan kwalaben da ake cikawa, tana tambayar matar da ke ɗiba me kowace za ta nuna. Matar, wata 'yar gajeruwa mai suna Renata, ta ce, “Ke kam da ma nan kika nemi aiki.”

Aka zo kan Emmett. Mutumin da narkakken ƙarfe ya taɓa faɗa masa cikin takalmi ya gama ɗinkin da yake yi kafin ya cire, shi ne ya zauna yana kallon silin, gumi na tsattsafo masa a goshi.

“Kwalabe nawa ne?” ya tambaya.

“Kaɗan ne,” in ji Renata.

“Goma sha ɗaya,” in ji Darlene daga bakin ƙofa. “Na ƙirga.”

A kwalba ta huɗu kansa ya langaɓe gefe. Renata ko a jikinta, ta kwantar da kujerar da ƙafa, ta ci gaba da aikinta. “Manyan ne suke faɗuwa,” ta ce. “Kullum manyan.” Da ya farfaɗo aka miƙa masa ɗan kwalin ruwan tuffa da tsinken zuƙa. Ya sha, ya dubi matarsa ya ce, “In kika faɗa wa Patsy, na bar miki gidan.” Kafin azahar Patsy ta ji, har da yadda ya riƙe kwalin da hannu biyu.

Sakamakon bai zo gaba ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ya riƙa shigowa. Wayar ta yi ƙara tana tsakiyar juya miya, ta ruga ta duba. Kore. Ta sake ƙara tana wanka. Kore. Zuciya, ƙoda, hanta, sukari, duk kore. A kwana na shida aka samu ruwan ɗorawa guda ɗaya, wai sinadarin da jiki ke samu daga hasken rana ya ɗan yi ƙasa. Ta kai wa Patsy da sauri.

“Ni ma haka,” in ji Patsy. “Duk wanda ya yi hunturu a garin nan haka nasa yake. Hatta karnuka.”

Ran Darlene ya ɗan sosu. Ta biya kuɗinta, an ɗebe mata jini kwalba goma sha ɗaya, a ƙarshe a ce mata ta riƙa shan hantsi.

Shi Emmett ko manhajar kamfanin bai sauke a wayarsa ba. Ita ta buɗe masa, ita ta san kalmar sirrin, don haka a wayarta nasa yake shigowa. Ran nan tana hutun rana a bayan kicin sai ta ga ja. Da ta karanta sunan abin sai ta saki dariya. Sinadarin ƙarfe ne, wanda ake ajiyewa a jiki. Inda ake so ya tsaya bai wuce ɗari huɗu ba, nasa ya haura ɗari tara.

“Kin gani ko?” ta ce wa Patsy. “Ƙwayoyina sun yi aiki. Har ya yi yawa.”

Patsy ta gyara tabarau ta leƙo. “Ke, karanta abin da ke ƙasa mana.”

A ƙasa akwai bayanin da likitan kamfanin ya rubuta. Yawan ƙarfe irin wannan ba abin murna ba ne, yana iya taruwa a hanta da zuciya da gaɓoɓi, yakan kawo gajiya da ciwon yatsu. A ga likita ba da jinkiri ba. Wanda ke shan ƙwayar ƙarin jini kuma ya dakata har sai an duba shi.

Darlene ta karanta layin ƙarshe sau uku. Ba ta cire ragar rufe gashin da ke kanta ba ta ɗauki makullin mota.

A garejin walda ta tarar da Emmett da abokan aikinsa suna cin abinci a kan benci. Ta wuce kai tsaye, ta fizge akwatin daga cinyar Emmett, ta zazzage shi, ta tsince 'yar jar ƙwayar da ke cikin leda ta jefa a aljihu.

“Ka sha ta yau?”

“Ban kai nan ba tukuna. Lafiya?”

“Kar ka ƙara sha. Ƙarfe ya yi maka yawa a jini.” Ta nuna ƙirjinta. “Ni na yi ta ɗura maka, Emmett. Wata takwas.”

Sai wani dattijon abokin aikinsa, Stan, ya miƙa hannu ya ciro maganaɗisu daga jikin injin, ya zo ya manna a kafaɗar Emmett da dukkan natsuwa. Abin ya zame ya faɗi ƙasa.

“Da sauransa,” in ji Stan. “Bai gama nuna ba.”

Aka kwashe da dariya, har ita Darlene, tana yi tana share ido. Daga ranar ba wanda ya ƙara gaishe da Emmett a garejin, sai dai a ce, “Emmett, ƙarfe nawa?” shi kuma ya ce, “Ɗari tara.”

Likitar da aka tura su wurinta, Dakta Halvorsen, ta sake gwajin, ta ƙara da wani na gado, ta sa aka ɗauki hoton hantarsa. Bayan mako biyu ta zaunar da su. Ta ce jikin Emmett ba ya sanin ya ƙoshi da ƙarfe, duk abin da ya samu a abinci sai ya kwashe ya ɓoye, kuma haka aka haife shi, ya gada ta wajen uwa da uba. Hantar ba ta lalace ba, an zo da wuri.

“To ƙwayoyin fa?” in ji Darlene a hankali.

“Ba su taimaka ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma shekara sittin ya yi yana tara abin nan. Wata takwas ɗinki ba su ne suka kawo shi nan ba. Ke kika kawo shi nan, da takardar gwaji.”

Darlene ta gyara zama, ta ɗan saci kallon mijinta ko ya ji.

“Maganin fa?” in ji Emmett. “Ƙwaya ce?”

“A'a. Maganin mai sauƙi ne ƙwarai. Duk mako za a ɗebe maka jini leda guda, har ƙarfen ya sauka.”

Emmett ya daɗe yana kallonta. “Duk mako.”

“Wataƙila wata shida, wataƙila fiye. Bayan nan sai jefi-jefi.”

“Ba wata hanyar? A yanka ni sau ɗaya a huta?”

Likitar ta yi murmushi, ta ce akwai sauran magana: da yake gado ne, in yana da 'yan'uwa ciki ɗaya, dole a gaya musu su je a auna su.

Wannan ne ya hana Darlene sukuni. 'Yar'uwar Emmett ɗaya ce, yayarsa Noreen, mai shekara sittin da bakwai, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, wadda ba ta taɓa aure ba, kuma ba ta taɓa cin abincin Darlene ta tashi ba tare da ta ce gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Darlene ta riga ta ji abin da za ta ce: kin kusa kashe mini ƙane da iyayinki.

Ranar Lahadi bayan coci Noreen ta zo cin abinci kamar yadda ta saba. Darlene ta gasa kaza, ba jan nama a teburin. Emmett ya fara bayani yana kame-kame, sai Darlene ta karɓe, ta faɗi komai, har da ƙwayoyin da hantar Alhamis, don gara ta faɗa da bakinta. Ta gama ta jira.

Noreen ta ajiye cokali, ta shimfiɗa hannayenta a kan teburin tana kallon yatsunta biyu na farko, waɗanda suka kumbura kamar na ƙanenta.

“Kika ce yana cin hanta?” ta tambaya.

“In ba a gano ba.”

“Fatar mutum tana yin duhu?”

Darlene ta tuna ta karanta haka. “Wai takan yi. Kamar tsohuwar tagulla.”

Noreen ta juya ga Emmett. “Baba,” ta ce.

Darlene ba ta san surukinta ba, ya rasu tun Emmett na ɗan shekara sha bakwai. Abin da ta sani shi ne abin da gari ya sani, wai Con Shea giya ce ta ci hantarsa. A gidan ba a cika ambatonsa ba.

“Ba ya sha,” in ji Noreen. “Kwalba ɗaya ranar Kirsimeti, shi ke nan. Likita ya ce wa Mama hantar mashayi ce. Baba ya rantse har yana kuka. Ni na riƙe wa Mama tocila tana bincike a gareji, tana ɗaga tayoyi, tana neman inda yake ɓoyewa. Ba mu ga ko murfi ba. Duk da haka ba mu yarda da shi ba.” Ta ja numfashi. “Har ya mutu ban yarda da shi ba.”

Emmett ya miƙa ƙaton hannunsa ya ɗora a kan nata. Suka zauna haka, kazar na hucewa. Can Noreen ta zare hannun, ta fyace hanci, ta yanki kazar ta kai baki.

“Ta bushe,” ta ce. “Amma dai ki ba ni sunan likitar.”

An auna Noreen, aka samu ita ma tana da shi, ko da yake nata bai kai na ƙanenta ba. Ta tambayi Dakta Halvorsen zancen mahaifinsu. Likitar ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan wanda ba ta taɓa gani ba, amma duk abin da Noreen ta lissafa ya yi daidai da cutar. Noreen ta ce ta rubuta mata haka a takarda, da sa hannu.

Daga nan Talata ta zama ranar gidan Shea a ɗakin ɗiban jini na asibiti. Kujeru biyu kusa da juna, Darlene a tsakiya da jakar ruwa da biskit. Makonni uku na farko Emmett sai da ya suma. A na huɗu Noreen ta ce masa, “Kai, rago. Mu ga wanda zai riga cika leda.” Ya manta da suma, ya shiga matsa ƙwallon robar da aka ba shi yana leƙen ledarta. Ta riga shi da minti guda, ta sanar da duk ɗakin.

Da bazara ta shigo yatsunsa ba su daina ciwo ba, likita ta ce ƙila ba za su daina ba. Amma gajiyar ta sake shi. Ya gyara ƙofar lambu da ta shekara uku a karye, ya fara damun Darlene da surutu bayan cin abinci, har wata rana ta ce masa, “Wai yaushe ka koyi magana haka? Ina kallon shirina.”

Wata Talata bayan sun fito, maimakon gida, Noreen ta juya tsohuwar motarta ta nufi gidan kula da tsofaffi da ke kan tudu.

“Wa za mu gani?” in ji Darlene daga kujerar baya.

“Misis Kovacich. Maƙwabciyarmu ta da. Ranar jana'izar Baba, a kicin ɗinmu, tana cin abincinmu, ta ce kwalba ce ta kai shi. Da kunnena na ji.”

“Noreen, matar nan ta haura casa'in,” in ji Emmett.

“Shi ya sa nake sauri.”

Suka same ta a bakin taga cikin keken guragu, 'yar mitsitsiya, an lulluɓa mata bargo a gwiwa. Noreen ta tsaya a gabanta, auduga manne a hannu, ta buɗe takardar likita ta karanta mata da ƙarfi, kalma bayan kalma. Tsohuwar ta saurara, kai a karkace.

“Con Shea,” ta ce. “Mai rawa.”

“Shi. Kin ce mashayi ne. Ba mashayi ba ne.”

“Ni na ce haka?”

“Ke kika ce.”

Tsohuwar ta tauna baki. “To in na faɗa, ƙarya na yi. Con ba ya sha, kowa ya sani.” Ta ɗago ido ta dubi Noreen sama da ƙasa. “Ai ni ya fara fita rawa da ni. Sau biyu. Sai uwarki ta zo da wata koriyar riga.” Ta yi tsaki. “Rigar ma aro ce.”

Emmett ya juya ya fuskanci bango, yana danne dariya. Tsohuwar ta nuna shi da yatsa. “Wancan ɗansa ne? Juyo in gan ka. Kai, ba ka kai shi kyau ba.”

Sai da suka yi kusan awa guda a wurin, tsohuwar na ba su labarin ubansu yana saurayi, yadda yake shafa mai a gashi, da ranar da ya faɗa rafi da sababbin takalma. Da za su tafi ta riƙe hannun Noreen ta ce su dawo, su taho mata da alewar gyaɗa, don a nan ba a ba ta.

A wurin ajiye motoci Noreen ta tsaya tana dariya, hawaye na zuba, ta kasa saka makulli a ƙofa. Ta miƙa wa Darlene.

“Ungo, ja mu.”

Darlene ta shiga, ta matso da kujera gaba, ta tayar da motar.

“A hankali da birkin, yana kamawa. Ki bi hagu a wajen cocin.”

“Noreen, a garin nan aka haife ni.”

“Na sani. Hagu na ce.”